Yadda ake shirya gangamin wayar da kai kan bashin gwamnati

Bashin gwamnati magana ce da kowa yake da ra'ayi a kanta, amma kaɗan ne suka taɓa riƙe takardarta a hannu. Shi ya sa yawancin gangamin da ake yi a kanta ba ya wuce mako biyu. A fito a rediyo a ce bashi ya kai tiriliyan kaza, washegari kwamishina ya fito ya ce ai gadonsa suka yi, masu sauraro su rasa wanda za su gaskata, a koma hirar siyasa. Wannan jagora ta ƙungiyoyin farar hula ce, da ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan jarida da malamai masu son yin aikin ta yadda zai kai wani wuri. Yawancin matakan an gina su ne a kan dokokin Najeriya, amma tsarin zai yi aiki a Nijar ko Ghana ko Chadi idan aka sauya sunayen ofisoshi.

Bashi ɗaya, buƙata ɗaya

Kafin ku buga takarda ko guda, ku zauna ku rubuta abin da kuke nema a jimla ɗaya, da sunan wanda yake da ikon bayar da shi, da ranar da kuke so a bayar. "A daina cin bashi" ba buƙata ba ce, domin babu jami'in da zai iya sa hannu a kanta. "Majalisar dokokin jiha ta kira zaman sauraron ra'ayin jama'a kafin ta amince da rancen da gwamna ya nema" buƙata ce. "Ma'aikatar kuɗi ta wallafa yarjejeniyar bashin gina kasuwa kafin a gabatar da kasafi" ita ma buƙata ce.

Gangamin da ya fi kowanne tasiri a tarihin wannan magana, wato Jubilee 2000, ƙarfinsa ke nan. Buƙatarsa guda ce: a yafe wa matalautan ƙasashe basussukan da ba za su iya biya ba kafin ƙarshen shekarar 2000. A watan Mayun 1998 kimanin mutum 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham na Ingila, inda aka kira taron shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki. An tattara sa hannun mutum sama da miliyan 24 a faɗin duniya. A taron 1999 a Jamus aka faɗaɗa shirin sassaucin bashi da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fara a 1996, kuma ta wannan shiri ne Nijar da Ghana suka kammala sharuɗɗan samun sassauci a 2004, Kamaru a 2006, Chadi sai a 2015. Najeriya ba ta cikin shirin. Tata hanyar daban ce: a 2005 masu bin ta bashi na ƙungiyar Paris suka yafe dala biliyan 18 daga cikin kusan biliyan 30, ta biya kimanin biliyan 12, aka rufe littafin a 2006.

Ba sai kun tara miliyoyi ba. A Mozambik, bayan asirin basussukan ɓoye na kusan dala biliyan 2 ya tonu a 2016, ƙungiyoyin farar hula sun yi amfani da damar da kundin tsarin mulki ya bayar, cewa 'yan ƙasa 2,000 za su iya kai koke gaban majalisar kare kundin. Suka tattara sa hannun, kuma a 2019 aka yanke hukuncin cewa ɗaya daga cikin basussukan ya saɓa doka. Sun san ƙofar da za su buga, sun san adadin da ake buƙata.

Tattara takardu

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane ke gajiya. Ku ware mutum biyu ko uku masu haƙurin karanta jadawalin lissafi, ku ba su kamar wata guda. Abubuwan da za su nemo, kusan dukkansu suna intanet kyauta:

Na farko, jadawalin Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, DMO. Yana fitar da bashin cikin gida na kowace jiha a naira, da bashin waje na kowace jiha a dala, a takardu daban-daban. Kada ku ɗauki guda ku bar guda. Ku sauko da na shekara biyar a jere, saboda adadin shekara ɗaya ba ya nuna ko hawa ake yi ko sauka.

Na biyu, rahoton rabon kason wata-wata na asusun tarayya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take wallafawa. Wannan ita ce takardar da ta fi kowacce amfani ga mai gangami, kuma ita aka fi mantawa. Tana nuna kason jiha kafin a cire komai, sannan abin da aka cire don bashin waje, da abin da aka cire bisa umarnin biya na dindindin da jiha ta sa wa hannu lokacin karɓar rance, sannan abin da ya rage ya isa baitulmalin jiha. Bashin jiha ba ya jiran gwamna ya ga dama. Tun daga Abuja ake zare shi.

Na uku, kasafin kuɗin jiha da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku, da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, na ƙarfafa jihohi su bayyana yadda suke kashe kuɗi, wanda ya fara a 2018, ya sa jihohi sun saba ɗora waɗannan a shafukansu, har da rahoton nazarin ƙarfin biyan bashi na shekara-shekara. Wasu jihohin sun yi sanyi bayan shirin ya ƙare. Idan kuka tarar an daina wallafawa, to kun sami buƙatarku ta farko.

Na huɗu, idan bashin na Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka, kowane aiki yana da shafinsa da lambarsa, akwai takardar tantance aikin, da yarjejeniyar kuɗin, da rahoton ci gaba. Ku karanta yarjejeniyar da kanku. Ayyuka da yawa da ake sanarwa a matsayin tallafi rance ne mai sauƙin ruwa, kamar ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da yaƙi da kwararowar hamada, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance mai sauƙi ba laifi ba ne, amma jama'a su san za a biya shi, kuma ku nemi ƙaramar yarjejeniyar da ke tsakanin tarayya da jiharku don ku ga wane kaso ya hau kanku.

Akwai bashin da ba ya fitowa sosai a waɗannan takardu: kuɗin 'yan kwangila da ba a biya ba, bashin fansho da garatuti, lamunin da gwamnati ta tsaya wa kamfanoninta. Kada ku ɗauka cewa adadin da hukuma ta fitar shi ne iyaka. A Senegal, kotun binciken kuɗi ta gano a Fabrairun 2025 cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusan kashi 100 cikin 100 na ma'aunin tattalin arzikinta, alhali an sanar da kimanin kashi 74. A Najeriya ma, rancen da gwamnatin tarayya ta riƙa karɓa daga Babban Banki ya taru har naira tiriliyan 22.7 kafin a mayar da shi bashin hukuma a 2023.

Neman abin da aka ɓoye

Abin da ba ku samu ba, ku neme shi da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Doka ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara bakwai idan takardun suna da yawa, kuma idan ta ƙi ko ta yi shiru kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. Ba a buƙatar ku faɗi dalilin neman. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai dai Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau.

Yadda aka rubuta wasiƙar ne ke sa a amsa ko a watsar. Kada ku rubuta "muna son bayani kan basussukan jiha". Ku nemi takarda da sunanta: kwafin yarjejeniyar rance kaza, ƙudurin majalisar da ya amince da shi, jadawalin biya, jerin ayyukan da aka kashe kuɗin a kai da sunayen 'yan kwangila. Abu huɗu ko biyar sun isa wasiƙa guda. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya. Wasiƙar da ba ta da hatimi, a kotu kamar ba a kai ta ba ne. Ku aika wa ma'aikatar kuɗi da ofishin Akanta Janar da akawun majalisa a rana guda, don kada wannan ya tura ku wurin wancan.

Ku haɗa da Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007. Sashe na 41 ya ce ba a cin bashi sai don manyan ayyuka da raya ɗan Adam, bisa sharuɗɗa masu sauƙi. Sashe na 44 ya wajabta wa duk gwamnatin da ke son rance ta bayyana dalilinsa, ta kuma gabatar da nazarin riba da asara. Wannan nazarin shi ne abin da za ku fi nema, domin sau da yawa babu shi. Sashe na 51 ya ba kowa damar zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a tilasta bin dokar ba tare da ya nuna abin ya shafe shi kai tsaye ba. Ku duba ko jiharku tana da tata dokar, yawancinsu suna da ita.

Lissafin da za ku kai wa jama'a

Tiriliyan ba ta shiga kunne. Mai sayar da tumatir da malamin makaranta duk ɗaya suke a nan: daga miliyan zuwa sama, adadi ya zama amo kawai. Lissafi uku ne suke aiki.

Na ɗaya, daga kowace naira 100 da ta shigo, nawa ke tafiya biyan bashi. Ku ɗauki abin da aka cire ku raba da kason kafin cirewa. A ce kason wata naira biliyan 8 ne, aka zare biliyan 2.4, to naira 30 ke nan daga kowace 100. Ku yi na wata goma sha biyu ku ɗauki matsakaici, saboda wata guda yana iya zama na daban. A Maris na 2024 gwamnan Kaduna ya shaida wa taron jama'a cewa daga kason biliyan 10 na watan an zare biliyan 7 don biyan bashi. Maganar ta yaɗu cikin kwana guda don kowa ya gane bakwai daga goma. A matakin tarayya, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biyan bashi ya cinye kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shiga a 2022.

Na biyu, kwatanta biyan bashi da abin da aka kashe a lafiya ko ilimi. Tarkon da ke nan shi ne a ɗauki abin da aka biya na bashi a kwatanta da abin da aka ware wa lafiya a kasafi. Warewa daban, sakin kuɗi daban. Ku kwatanta abin da aka kashe da abin da aka kashe, daga rahoton aiwatarwa guda, na shekara guda.

Na uku, tasirin faɗuwar naira. Bashin dala miliyan 100, lokacin da dala take naira 460 a farkon 2023, naira biliyan 46 ne. Da dala ta kai 1,500 a 2024 ya zama biliyan 150, ba a ƙara cin ko kwabo ba. Ku bayyana wannan da kanku. Idan kuka ce gwamna ya ninka bashi sau uku alhali canji ne ya ninka shi, kwamishinan kuɗi zai kayar da ku a minti biyu, kuma da gaskiyarsa. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa jihar da take samun kuɗinta a naira ta ɗauki nauyin biya a dala, kuma wa ya lissafa haɗarin. Masu aiki a Nijar da Chadi da Kamaru suna da ɗan sauƙi a nan, tunda sefa tana ɗaure da yuro, sai dai bashin dala yana motsi a kansu su ma.

Ku kuma bambanta bashi da bashi. Rancen sashen Bankin Duniya mai sauƙi ruwansa kimanin kashi 2 ne cikin 100, ana biya cikin shekaru masu yawa, da rangwamen wasu shekaru kafin a fara biyan uwar kuɗin. Takardun lamunin da Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disambar 2024 ruwansu kashi 9.625 ne da 10.375. A kan dala miliyan 100, wancan miliyan 2 ne a shekara, wannan kuwa kusan miliyan 10. Gangamin da ya haɗa su a kwando ɗaya ya rasa hujjarsa mafi ƙarfi.

Duk adadin da zai fita da sunanku, mutum biyu su lissafa shi dabam-dabam, a rubuta takardar da aka samo shi da shafinta a littafi guda. Kuskure ɗaya ya isa a yi watsi da sauran.

Wa zai faɗa, a ina

Takarda shafi ɗaya da Hausa, lissafi uku, buƙata ɗaya, lambar waya ta ƙungiya. Ku karanta wa mutum biyar da ba su san maganar ba, ku ce su maimaita muku. Abin da suka kasa maimaitawa, ku cire ko ku sake shi. Ku yi ta da ajami idan yankin masu karanta ajami ne. Ku ɗauki saƙon murya da bai wuce minti biyu ba don WhatsApp, da sunan ƙungiya da kwanan wata a farkonsa, saboda saƙon murya yana yawo shekara da shekaru bayan alƙaluman sun tsufa.

Rediyo har yanzu ita ce gaba, musamman shirin da ake buɗe layi. Ku tura mutum biyu, mai lissafi da mai iya magana, kuma ku gayyaci ma'aikatar kuɗi a rubuce. Ta zo, kun sami amsa a bainar jama'a. Ta ƙi, mai gabatarwa zai faɗa. Shiri huɗu mako-mako sun fi guda ɗaya mai tsawo.

Kada ku zama ku kaɗai ke magana. A Ghana, bayan ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje a Disambar 2022 ta kuma nemi sauya sharuɗɗan takardun lamunin cikin gida, tsofaffi 'yan fansho ne suka riƙa zama a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta zo ta zauna tare da su a Fabrairun 2023, kuma aka keɓe 'yan fanshon daga shirin sauya sharuɗɗan. Wanda abin ya ci kai tsaye ya fi masani tasiri. A jiharku su ne 'yan fansho da malaman firamare da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwar da aka ƙara wa haraji.

Malaman addini kuwa, ku same su da takarda, ba da buƙatar su yi huɗuba a kan gwamnati ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma buƙatar a wallafa yarjejeniya ba ta yi nisa da wannan ba. Ga Kiristoci, babi na 25 na Littafin Firistoci shi ne tushen da gangamin 2000 ya samo sunansa. Za a tambaye ku batun sukuk, wato takardar lamuni ta tsarin Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Amsar a taƙaice: tsarinsa ya kauce wa riba, amma nauyi ne a kan baitulmali, kuma yana cikin lissafin DMO. Hukuncin fiƙihu ku bar wa malamai.

Lokaci

Bashin da aka riga aka sa wa hannu, sai dai a bi sawun kuɗinsa. Wanda ba a sa ba shi ne ake iya gyarawa. Saboda haka ku san kalandar: tsarin kashe kuɗi na matsakaicin zango yakan zo kafin kasafi, kasafi yakan isa majalisa tsakanin Oktoba da Disamba, a cikinsa akwai layin giɓi da yadda za a cike shi. Wasiƙar gwamna ta neman amincewa da rance kan iya zuwa kowane lokaci, kuma wasu majalisun suna karantawa su amince a zama guda. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa bin takardar ajandar majalisa kowace ranar zama, ku saba da 'yan jaridar da ke ɗauko rahoto daga can. Takardar kokenku ta kasance a shirye tun kafin a buƙace ta, a miƙa ta ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku, kwafi ga shugaban kwamitin kuɗi.

Bashin waje yana da ƙofa ta biyu. Jiha ba ta karɓar sa kai tsaye, sai ta hannun gwamnatin tarayya, kuma sai Majalisar Tarayya ta amince. A 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 na Kaduna, daga baya wata majalisar ta amince. Darasin biyu ne: ƙofar tana rufuwa, kuma tana sake buɗewa idan masu gadi suka sauya.

Inda ake tuntuɓe

Jita-jita ta fi komai kashe gangami. A 2020 an yi ta yaɗa cewa Najeriya ta jinginar da 'yancinta ga Sin saboda wani sashe na yarjejeniyar rance. Sashen na janye kariyar gwamnati ne idan aka je gaban masu sasanci, kuma ana samun irinsa a yarjejeniyoyin rance da yawa. Aka ɓata watanni a kansa, aka bar tambayoyin da suka fi muhimmanci, wato farashin kwangila da yadda aka zaɓi ɗan kwangila. Babban mai bin Najeriya bashin waje Bankin Duniya ne, sannan masu riƙe da takardun lamuni. Na Sin bai kai nasu ba ko kusa.

Sai siyasa. 'Yan adawa za su zo da kuɗin haya da motoci. Ranar da kuka karɓa, kun zama reshensu. Jadawalinku ya ƙunshi gwamnatin da ta wuce da mai ci, ko da jam'iyyar wani a cikinku ce.

Sai zargi. "An ci bashin biliyan kaza don asibiti, mun je ranar kaza mun tarar da fili, ga hoto" magana ce da za ku iya karewa. "Wane ya sace kuɗin" ƙarar ɓata suna ce, ko kamu da dokar laifukan intanet. Ku sami lauya ya duba duk abin da ke ɗauke da sunan mutum. Wajen ziyarar ayyuka, ku je mutum uku, ku ɗauki hoton allon kwangila da na aikin, ku rubuta kwanan wata da wurin. Masu bin sawun ayyukan gwamnati irin su Tracka na ƙungiyar BudgIT da Follow The Money sun daɗe a wannan aiki, kuma ana iya haɗa kai da su. A matakin nahiya akwai AFRODAD, ƙungiyar da ke aiki kan basussukan Afirka, da ke Harare.

Fita titi shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke tun 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda don taron lumana, amma ku sanar da su a rubuce, ku naɗa masu kula da sahu, ku tsayar da lokacin tashi. A Kenya a Yunin 2024 matasa sun tilasta wa Shugaba Ruto janye ƙudurin dokar harajin da aka tsara don cike giɓin bashi, sai dai an rasa rayuka da dama. A garuruwan da ɓata-gari ke saurin shiga zanga-zanga, taron zaure da 'yan jarida ya fi tattaki amfani.

Idan aka yi muku alkawari, ku nemi a rubuta shi ko a faɗe shi a gaban makirfo, ku sa masa rana. Duk wata uku, da DMO ta fitar da sabon jadawali, ku sabunta lissafin nan uku, ku sake aika takardar ga gidajen rediyon da kwamitin kuɗi na majalisa, da layi guda a ƙasa mai nuna wasiƙun da aka amsa da waɗanda wa'adinsu ya wuce.